Kwas ɗin intanet na mata kan auren wanda ba Musulmi ba: abin da na tarar a ciki

'Yan uwa mata da yawa sun tambaye ni kan wannan kwas ɗin da ake yi ta intanet, wanda aka ware wa mata Musulmi zalla kan maganar auren namijin da ba Musulmi ba, ko ya cancanci a shiga ko ɓata data ne kawai. Toh ga amsa a waje ɗaya kowa ta karanta. Ba zan faɗi sunan masu shi ba don akwai wuraren da zan soka, kuma ba ɓata wa mutane sana'a na zo yi ba, wadda ta san shi za ta gane shi daga bayanin.

Ni dalilin shigata ƙanwata ce. Wani abokin karatunta Kirista ya nuna yana sonta da aure, yaron kirki gaskiya ba a ce ba, ita kuma zuciya ta riga ta tafi, duk wanda ta tunkara da maganar a gida sai faɗa da Allah ya isa, har ta daina magana da kowa. Sai nace bari mu shiga tare ko ta ji daga bakin da ba namu ba.

Tsarinsu haka yake: darasi kai tsaye ta bidiyo, masu koyarwa uku, malamar fiƙihu ɗaya, lauya ɗaya, sai wata mai ba da shawara kan zamantakewa da damuwar zuciya. Akwai guruf da ake saka duk wadda ta yi rajista, akwai ɗan littafi da suke turowa a waya, sannan kowa tana da zama ɗaya na sirri da wadda ta zaɓa cikin ukun. Ba dole sai kin kunna kyamara ba, kuma wannan ya taimaka sosai don da yawa ko muryarsu ba sa son a ji, rubutu kawai suke yi.

Malamar ita ce kwas ɗin, in aka cire ta babu sauran abin zama. Tun zaman farko ta faɗi hukunci ba kwana-kwana, cewa mazhabobin nan huɗu, Malikiyya da Hanafiyya da Shafi'iyya da Hanbaliyya, duk sun haɗu a kan cewa mace Musulma ba ta auren wanda ba Musulmi ba, ko Ahlul Kitabi ne ko waninsa. Ta kawo aya ta 221 a Baƙara wadda ta hana aurar da mata ga mushrikai har sai sun yi imani, ta kawo aya ta 10 a Mumtahana wadda ta sauka bayan sulhun Hudaibiyya a shekara ta 6 bayan Hijira, lokacin da mata irin su Ummu Kulsum 'yar Uƙba suka gudo Madina, aka ce kar a mayar da su, su ba halal ba ne ga mazan can kuma mazan ba halal ba ne gare su. Sai aya ta 5 a Ma'ida wadda ta halatta wa maza matan Ahlul Kitabi masu kamun kai amma ba ta ce komai kan mata su auri mazansu ba. Duk wannan ba sabo ba ne ga wadda ta yi Islamiyya, abin da ya burge ni yadda ta faɗe shi ne, ba tsawa, ba "ke 'yar wuta ce", ba kallon banza, kuma ba ta rage komai daga hukuncin don a ji daɗi ba. Wallahi haɗa waɗannan biyun yana da wuya, yawanci ko dai ki samu mai zagi ko ki samu mai lallashin da zai ce miki komai ya wuce tunda akwai soyayya.

Tambayar da kowa ta zo da ita a baki, kuma ƙanwata ce ta fara rubuta ta, ita ce don me aka yarje wa maza aka hana mu. Malama tace hujjar nassi ce, wato ayoyin da ta kawo, sauran bayanin da malamai suke yi hikima ce suke ƙoƙarin ganowa, kamar cewa miji Musulmi dole ya yi imani da Annabi Musa da Annabi Isa don haka ba zai taɓa zagin annabin matarsa ba, shi kuwa miji Kirista ko Bayahude addininsa bai ɗora masa yarda da Annabi (SAW) ba, da kuma maganar shugabancin gida da tarbiyyar yara. Amma tace kar ku rataya imaninku a kan hikimar, don gobe wani zai zo ya ce miki ai nawa saurayin yana girmama Annabi fiye da wasu Musulmin ma, in hikimar ce kaɗai hujjarki shikenan ya ƙure ki. Ta kuma tuna mana cewa su ma mazan ba sakin linzami aka yi musu ba, Sayyidina Umar ya matsa wa Huzaifa ya rabu da Bayahudiyar da ya aura, ba don haramun ba ce sai don tsoron abin da zai biyo baya. Ni dai na so ace maza suna cikin ajin su ji wannan, don su ne kullum da "ai an halatta mana" kamar aya ɗaya suka haddace a duk Alƙur'ani.

Ba ta ɓoye masu saɓanin ra'ayi ba. Ta ambaci Hassan Turabi na Sudan wanda a 2006 ya ce mace Musulma za ta iya auren Kirista ko Bayahude, da irin caa ɗin da malamai suka yi masa, ta ambaci Tunisiya da ta soke a 2017, zamanin shugaba Essebsi, wata takardar gwamnati ta 1973 da ta hana rajistar irin wannan auren, da yadda jami'ar Azhar ta Masar ta nuna rashin amincewa. Wasu a ajin suka fusata wai don me za ta kawo wannan ta ruɗa yara. Ni kuwa ina bayanta ɗari bisa ɗari, yaran nan sun riga sun gani a Google tun kafin su zo, ƙanwata ma da sunan Turabi ta fara kare kanta a gida, gara ta ji daga bakin malama cewa eh an faɗa, ga wanda ya faɗa, ga hujjarsa, ga dalilin da ya sa jumhur, wato mafi yawan malamai, ba su karɓa ba, da a yi kamar babu maganar. Kuma ta bambance mana abu biyu da mutane suke cakuɗawa, gwamnati ta yarda ta rubuta aure a rajista daban, auren ya inganta a shari'a daban.

Inda ta fi daɗewa, kuma ya dace ta daɗe, shi ne musuluntar ɗaurin aure. Kin san yadda ake yi, saurayi ya ce ba komai zan yi kalmar shahada, a kai shi gaban liman ya maimaita, a ba shi satifiket, a canza masa suna na yini ɗaya, iyaye su samu na faɗa wa dangi. Malama tace a zahiri ba mai ikon tsaga zuciyarsa, wanda ya furta shahada ana ɗaukarsa Musulmi kuma aure ya ɗauru, amma liman zai tafi gidansa, waliyyinki zai tafi gidansa, ke ce za ki kwana ki tashi da abin da ke cikin zuciyar tasa. In tun kafin a je ya gaya miki da bakinsa cewa don iyayenki kawai zai yi, toh ke kin sani, kuma ba za ki ce ba ki sani ba. Ta kawo labarin Ummu Sulaim da Abu Ɗalha ya nema yana mushriki, tace masa irinka ba a ƙin sa amma kai kafiri ne ni Musulma ce, in ka musulunta wannan ne sadakina, ya musulunta kuma ya zama cikin manyan sahabbai. Wato musulunta ta dalilin mace ba aibi ba ce, abin dubawa shi ne bayan an watse ya yake. Shawararta ita ce a raba lokacin musulunta da lokacin aure, a bar shi ya yi watanni yana koyo a hannun maza ba a hannunki ba, azumi ya zo ya same shi, ki ga ko yana tashi asuba ranar da ba kya kallonsa. In ya ce ba zai iya jira ba kin samu amsarki.

Akwai wani zama da ba zan manta ba. Wata ta rubuto cewa ta shekara da shekaru da aure da wanda ba Musulmi ba, kuma tun ranar da danginta suka ce ta kafirta ta daina sallah, don a ganinta me ya rage. Malama ta ajiye darasin gaba ɗaya, tace 'yata saurara, aikata haramun daban fita daga Musulunci daban, wanda ya yi saɓo yana sane da cewa saɓo ne bai zama kafiri ba a wurin Ahlus Sunna, ke Musulma ce, sallah tana kanki yau kamar yadda take kan kowa, kar ki ƙara wa kanki wani nauyi a kan wanda kike ɗauke da shi, tashi ki yi alwala. Bayan nan mata da dama suka fito suka ce su ma haka, wata ta cire hijabi don kunyar a ganta da shi a gefen mijin, wata ta daina zuwa masallaci, wata tana azumi a ɓoye kar a yi mata dariya ta ɓangare biyu. Mu da muke gida muna yanke zumunci muna ganin kishin addini muke yi, ashe wani lokacin mu ne muke ƙarasa raba su da addinin.

Lauyar ta san aikinta amma gudu take kamar ana binta. Abin da na iya kamawa yana da amfani sosai, musamman ga masu zama a ƙasashen waje. A Ingila ɗaurin auren da aka yi a gida ko a masallacin da ba a yi wa rajista ba, ba tare da na hukuma ba, kotu ba ta ɗauke shi aure ba, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da haka a 2020, don haka in aka rabu mace ba ta da haƙƙin matar aure a dukiya. A Indiya akwai dokar aure ta musamman ta 1954 da masu addini daban-daban suke bi, amma sai an kafe sanarwa ta kwana 30, abin da yake tona asirin masu ɓoyewa. A Malesiya dole wanda ba Musulmi ba ya musulunta kafin ya auri Musulmi. A Indonesiya kotun ƙoli ta fitar da umarni a 2023 cewa alƙalai su daina amincewa da rajistar auren masu addini daban. A Labanan babu auren kotu, shi ya sa mutane suke tsallakawa ƙasar Saifurus su ɗaura su dawo a yi musu rajista. Sai maganar gado, hadisin Usama ɗan Zaid da ke Bukhari da Muslim cewa Musulmi ba ya gadon kafiri kafiri ba ya gadon Musulmi, sai dai wasiyya wadda ba ta wuce ɗaya bisa uku. Da kuma wani abu da ko ɗaya cikinmu ba ta sani ba, in saurayin ɗan Katolika ne kuma yana son cocinsa ta amince da auren, sai ya nemi izini na musamman, kuma cikin sharuɗɗan dokar cocin ta 1983 zai yi alƙawarin yin iya ƙoƙarinsa a yi wa yaran baftisma su tashi a Katolika. Wato shi ma nasa ɓangaren ba zaune yake ba. Duk wannan ta zuba mana shi a zama ɗaya, babu ko layi ɗaya a cikin littafin da suka turo, kuma ba sa ba da rikodin saboda sirri, wanda na fahimta, amma ai sai a rubuta mana.

Mai ba da shawarar kuwa hmm. Mace ce mai haƙuri amma duk abin da aka tambaye ta sai tace "ke ya kike ji a ranki", yarinya tana kuka tana cewa mahaifiyarta ta yi rantsuwar ba za ta ƙara kallonta ba, ana ce mata ta ja numfashi ta saki. Abu ɗaya ta kawo mai kyau, wasu tambayoyi da tace kowa ta zauna da saurayin su amsa a rubuce kowa daban sannan a haɗa: wane suna za a sa wa yaro, za a yi masa kaciya, wa zai kai shi ina ranar Juma'a da ranar Lahadi, giya za ta shigo gidan, in kakar yaron ta wajen uba ta ɗauke shi zuwa coci me za ki ce, in kin mutu wa zai yi miki wanka a ina za a binne ki, kuma yaran a hannun wa za su tashi. Ƙanwata ta kai wa nata. Ba zan faɗi abin da ya amsa ba don sirrinta ne, amma ranar ta zo tace min Yaya ashe duk tsawon lokacin nan ba mu taɓa maganar yara ba.

Yanzu babban abin da ya ɓata min rai da kwas ɗin, kuma shi ya sa ba zan ce kowa ta shiga ba. Sun tara mata iri uku a aji ɗaya suna ba su magani ɗaya. Akwai budurwar da ba ta yi auren ba tana tunani, akwai wadda ta riga ta yi har da yara, akwai kuma wadda ita ce ta musulunta mijinta na shekaru ya tsaya a addininsa. Kusan duk kwas ɗin ta farkon aka gina wa. Ta biyun an gaya mata auren bai inganta ba, an gaya mata ita Musulma ce, madalla, sai kuma me? Ina za ta, yaran fa, in ƙasar da take dokarta za ta iya raba ta da su fa, ya za ta fara maganar da mutumin da bai taɓa cutar da ita ba, wa zai karɓe ta tunda dangi sun rufe ƙofa? Ba a taɓa ko ɗaya ba, wai a kai zaman sirri, zaman sirrin da bai kai a gama gaisuwa a fara kuka ba lokaci ya ƙare.

Ta ukun ce ma ta fi ba ni tausayi don ita mas'alarta daban ce kwata-kwata a fiƙihu, ba ta yi laifin komai ba, Musulunci ne ya zo ya same ta a ɗakin mijinta. Kuma magana ce mai faɗi. Nana Zainab 'yar Manzon Allah (SAW) tana auren Abul As ɗan Rabi'u yana mushriki, aka kama shi a Badar ta aiko da sarƙar Nana Khadija don fansarsa, aka sake shi da sharaɗin ya turo ta Madina, bayan shekaru ya musulunta aka mayar masa da ita, har ruwayoyi suka saɓa kan ko da sabon ɗaurin aure ne ko da na farko. Ummu Hakim ta musulunta ranar buɗe Makka mijinta Ikrima ɗan Abu Jahal ya gudu Yaman, ta bi shi ta dawo da shi ya musulunta suka ci gaba da aurensu. Malikiyya da Shafi'iyya da Hanbaliyya sun ce in ya musulunta kafin iddarta ta cika aurensu yana nan, Hanafiyya suka ce alƙali zai bijiro masa da Musulunci in ya ƙi a raba. Ibnul Ƙayyim ya kawo ra'ayoyi har tara a kan wannan mas'alar kaɗai. Majalisar fatawa ta Turai a zamanta na 2001 a Balensiya ta ƙasar Sifen ta ce matar tana iya jiran musuluntarsa ko da ya daɗe, in ya musulunta ba sai an sake ɗaurawa ba, ta faɗi matsayin mazhabobi huɗu cewa ba za ta ci gaba da zaman aure da shi bayan idda ba, sannan ta ambaci cewa wasu malamai sun yarje mata zama in ba ya cutar da addininta kuma tana sa ran zai musulunta. Malama ta san duk wannan, don da wata sabuwar musulunta ta matsa da tambaya ta zayyano shi tsaf, amma a mintunan ƙarshe na zaman ƙarshe, mutane suna ta fita. Baiwar Allah ta zauna tun farko tana jin ana maganar haramci da saɓo tana ɗauka da ita ake. Wannan ba laifin malama ba ne, laifin masu tsara kwas ɗin ne da suka ƙi tambayar mutane a fom ɗin rajista wane hali suke ciki.

Guruf ɗin kuma ku yi hankali da shi. Babu mai kula da shi tsakani da Allah, lambar kowa a buɗe, akwai masu shiga don wa'azi kawai suna turo bidiyon azabar kabari da tsakar dare, kuma an samu wadda ta ɗauki hoton maganar wata ta fitar waje har ya kai ga danginta. Da aka kai ƙara sai suka cire mai laifin suka turo saƙon ban haƙuri, amma abin da ya fita ya fita. Ni na ce wa ƙanwata ta karanta kawai kar ta rubuta komai a ciki.

In budurwa ce ke kina cikin ruɗani, ko uwa ko yaya ko gwaggo da take son ta iya magana da 'yarta ba tare da an ƙare da tsinuwa ba, ki shiga, darasin malama kaɗai ya isa dalili, kuma ki zo da biro da takarda ranar lauya. In kin riga kin yi auren ko ke ce kika musulunta, ki tura musu saƙo tukuna ki tambaya ko sun ware muku aji, in ba su ware ba ki nemi zaman sirri da malamar kai tsaye ki ce a ƙara miki lokaci. Kuma wajen rajista kar ki sa cikakken sunanki, don sunan da kika rubuta a fom shi ne yake fitowa a ƙasan allo kowa yana gani.